Kantu Biyu a Hanyar Goronyo

Abin da na fara gani da muka sauka a tashar Goronyo raƙumi ne. An labta masa buhunan albasa hagu da dama, mai shi yana can sama a zaune, ya soke waya a cikin rawani yana faɗa da wani a kan taki. Na tsaya na saki baki, a raina ina cewa yau dai ga ayari. Sai da kakata Inna ta finciko hijabina ta ce, "Raƙumi na, ba a gaishe shi. Mu tahi."

Na fara da raƙumin ne saboda ke Jamila da sauran 'yan ajinmu, tun da na dawo Rabah kuke tare ni da tambaya. Kun san ni, mutane na wuce biyu harshena yake naɗewa. Shi ya sa na zauna na rubuta, ku karanta ku ƙyale ni.

Maganar daga darasin tarihi ta taso. Malam Nasiru ya zana mana daular Gana da Mali da Songai a allo, ya ja layuka suka ratsa hamada, ya ce a da can gishiri ya yi darajar da ake musayarsa da zinariya, kuma ayarin Azbin yakan gangaro ta ƙasar Gobir ya wuce kudu. Na raɗa wa Jamila cewa mahaifin Inna madugu ne, shi yake jan ayarin fatake. Raɗa kawai na yi. Kafin a tashi tara aji ya ɗauka, da aka ji kuma zan raka Inna tafiya sai aka ce Agadas za ni a kan raƙumi. Goronyo na je, a cikin mota.

Dalilin tafiyar ba na dariya ba ne. Inna tana da ƙane guda da ya rage mata, Kaka Maidamma. Ƙauyensu yana wajen Shinaka, ɓarayin daji suka matsa musu har mutane suka watse, shi kuma ya samu aron ɗaki a Goronyo. Baba ya aika ya aika a kan ya dawo wurinmu da zama, ya ƙi. Sai labari ya zo cewa ya rage cin abinci, kuma yana faɗa wa kowa ruwan farko na sauka zai koma ƙauye ya yi shuka, ko da shi kaɗai ne. A lokacin hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma.

Inna ta ce wa Baba, "Ni za ni da kaina. In ba shi kantu ya lasa. Ɗan gidanmu in ya lashi kantu ba shi ƙin tahiya."

Baba ya ce, "Inna, wanga abu ai ya wuce."

"Kai ka wuce shi. Maidamma bai wuce ba."

Ina gefe ina tankaɗe, na ji duka. Ni kantu ɗaya na sani a duniya, na riɗi, wanda ake sayarwa a ƙofar makaranta. Na yi mamakin yadda manyan fatake masu ratsa hamada suke ɗaure alkawari da alawa, amma ban tambaya ba. Maimakon haka sai na ƙera wa kaina bayani: riɗi yana da mai, yana riƙe ciki, ba ya lalacewa a zafi, ashe mutanen da suna da ilimi. Har na yi niyyar in na dawo in faɗa wa Malam Nasiru, in na samu ƙarfin hali.

An zaɓe ni rakiya ne don muna hutu, kuma ni na iya kiran Baba a waya. Muka shiga wata ƙaramar mota da sassafe, Inna a gaba, ni a baya tsakanin buhun wake da wata mata mai jiki. Tun daga tasha matar ta ɗora gindin kwanon shanta a kan yatsun ƙafata. Na yi ta shirya yadda zan ce mata ta ɗaga. Na fara da "Baba, don Allah", na ga kamar ya yi tsauri, na sake wani. Ina cikin shiri muka iso Wurno. Da na sauko ina ɗingishi sai ta duba ta gane, ta ce, "Ke ɗiyag ga, tun can? Ba ki da baki?" Na ce mata ba komai, har da godiya.

Wurno a kan tudu take, in ka tsaya a wani gefen kana hango fadama a ƙasa kore shar, alhali mu a Rabah a lokacin sai bakin gulbi ake ganin ɗanyen haki. Gidan Goggo Hassi muka sauka, 'yar'uwar Baba. Tafarnuwa suke nomawa, kuma komai na gidan ya san da haka: tabarma, matashin kai, har ruwan randa. Da aka kawo mini fura na rantse a raina an jefa sala ɗaya a ciki. Su ba sa ji. Goggo ma cewa ta yi mu mutanen Rabah ƙaurin gero muke yi.

Bayan azahar Inna ta ce sai ta yi ziyara a hubbaren garin, na bi ta riƙe da takalmanmu. A hanyar dawowa ta tsaya a wani fili inda masu gyaran babur suka baje, ƙasa duk baƙin mai. Ta nuna da sanda ta ce nan ne zango, nan mahaifinsu yake sauke ayari, jakuna da raƙuma har bakin waccan tsamiya. Na duba sosai ko zan ga wata alama da zan kawo muku. Tsohuwar taya na gani, da akuya tana cin kwali.

Tafiyar ta tayar mata da ciwon gwiwa, don haka ni ta aika kasuwa. Ta ce, "Ki sawo kantu mai kyau, madaidaici, wanda hannu ka ɗauka. Ki sa a naɗe shi. Ba a buɗe shi bisa hanya sai gaban mai lasa."

Na bi ta gaban masu gishiri, na wuce su, ban ko waiwaya ba. Na samu wata mata da faranti, kantunta ja-ja yana sheƙi, ba ta riga ta yayyanka ba. Na ce duka nake so a haɗe, don lasa za a yi.

Ta ce, "Lasa? Wa ab ba shi da haƙora?"

Na ce, "Kakana."

"Allah sarki. To ya jiƙa shi baki, shina narkewa."

Ta naɗe shi a takarda ta sa a baƙar leda, na cusa a jakata, na dawo ina jin na yi abin kirki. Inna tana kishingiɗe ta fara tambaya.

"Hwari na ko ja?"

"Ja-ja, Inna."

"Madalla. Da tauri?"

"Sosai."

"Da tsaki-tsaki ciki?"

Na tuna ƙwayoyin riɗi na ce, "Cike yake da su."

Ta ce, "Shi na. Ashe ana samun na ƙwarai har yanzu." Ta sa mini albarka a gaban kowa.

Mijin Goggo, Malam Isa, yana koyar da yara karatu a zaure. Da ya shigo gaishe da Inna ya ji abin da ya kawo mu, sai ya sunkuyar da kai ya ce, cikin ladabi, yana ganin lasar nan ragowar al'adar mutanen da ce tun kafin Musulunci, gara a yi addu'a kawai. Inna ta miƙe zaune, ciwon gwiwa ya tafi. Ta ce gaskiya ne kakannin kakanninsu in ayari zai tashi sukan gutsuri kantu su ajiye a gindin tsamiya don masu wurin, wato iskoki, su bar su su wuce lafiya. Amma mahaifinta da ya karɓi ayari ya hana, ya ce gutsuren a ba mabuƙaci sadaka, a yi bisimilla a lasa, a shafa fatiha. "Baba bai taɓa sallah zaune ba hay yam mutu. Kai za ka gwada man addini, Isa? Ni na yi maka wankan jariri." Malam Isa ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita da sauri. Ni kuma ina jin su ina tausaya wa iskoki da aka daina ba su alawa.

Da safe muka kama hanyar Goronyo. Kun tambaye ni iyaka, to ga ta. Malam Nasiru ya ce ta wajen nan ƙasar Gobir ta da take farawa, don haka na zuba ido ta taga ko zan ga ganuwa. Abin da muka tarar shinge ne na jami'an tsaro, buhunan yashi da durom. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani soja ya nuna jakata, na buɗe, ya ga baƙar leda ya tambayi ko mene ne. Na juya wajen Inna. Inna ta sa sanda tsakaninsa da jakar ta ce, "Kantu na, ɗana, na gado. Ba a buɗe shi bisa hanya." Ya ɗaga ledar ya shinshina, ya dube ni, ya dubi Inna, na ga yana danne dariya. Ya ce, "Mama, ku je, Allah ya kiyaye." Mutumin nan ya san abin da ke ciki. Da ya buɗe a wurin da ya yi mini gata.

Daga tasha muka yi ta tambaya har muka samu gidan. Ɗakin Kaka Maidamma ƙarami ne, a bayan rumbun albasar mai gidan. Ya rame har rigarsa ta zama kamar ta aro. A jikin bango na ga sungumin shuka an sa masa sabuwar ƙota, ga irin gero a ƙulle cikin tsumma an rataye don ɓera. Inna ma ta gani, ta kawar da kai.

Ya ce, "Yaya, da tsuhwanki kinka biyo hanyag ga? Wagga kuma wa ta, mai kallon ƙasa awa ta yadda allura?"

"Luba ta, ɗiyar Garba."

"'Yar boko. An hana ku magana can makarantar?"

Ya aika aka kawo soyayyen kifin dam ɗin garin da hocen dawa. Mu a gida kifi sai an yi baƙo, a nan kuwa yara ma da shi suke yawo a hannu. Ya tura mana kwanon gaba ɗaya ya ce shi ya ƙoshi. Inna ta jira sai da muka wanke hannu. Sannan ta gyara zama, ta gyara mayafi, ta ambaci sunan mahaifinsu da na kakansu, ta yi musu addu'a. Fuskar Kaka ta canza, ya gane inda aka nufa. Ta miƙo mini hannu, na ɗora mata ledar.

Na ga ta ɗan auna nauyinta a tafin hannu, amma ta ci gaba. Zafin mota ya narkar da shi, takardar ta manne, sai da ta ɓanɓare. Ƙamshin riɗi da sukari ya cika ɗakin.

Inna ta juyo gare ni.

"Luba, mi na na wanga?"

"Kantu, Inna."

Kaka ne ya fara. Kafaɗunsa suka hau rawa, sannan dariyar ta ƙwace, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, matar mai gida ta leƙo ta ga ko lafiya. Da ya samu numfashi ya ce, "Gishiri, 'yar boko. Kantun gishirin Balma. Shi Baba ka ɗaukowa Azbin, ba alawa ba." Gishiri. Wanda Malam Nasiru ya cika allo da shi, na kwafa, na ci jarrabawa a kansa.

Ya gutsuri riɗin ya jefa a baki, ya ƙara, ya ƙara. Ya ce rabonsa da jin daɗin abu a baki har ya manta. "Wanga kam na lasa, Yaya, amma ba shi ɗaure kowa."

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tashi ta yi ta fita bayan rumbu, wai za ta yi alwala. Na bi ta da buta na same ta tsaye tana kallon gabas, inda hadari ya yi baƙi, tana goge ido da gefen mayafi. Na ajiye butar a hankali. Ban koma ɗaki ba, na bi hanyar da na ga mutane suna bi da kaya a ka, don ranar kasuwa ce.

A ranar na yi wa baƙi magana fiye da yadda na yi a shekara. Mai gishirin leda ya ce ba ya sayar da irin wannan. Wata mai daddawa ta ce in je kara, inda ake cinikin dabbobi. A can, bayan na ratsa tsakanin ƙahonin shanu ina karanta duk addu'ar da na iya, na samu wani Buzu ya jera su a kan tabarma, dogaye kamar an kifa turmi, kalarsu kamar busasshen laka. Da a hanya na gan su cewa zan yi tubali ne.

Ya ce, "Na saniya ko na raƙumi?"

Na ce, "Na mutum."

Ya sauke rawanin bakinsa ya dube ni da kyau. Sannan ya sa ɗan gatari ya fasa mini gutsure kamar dunƙulen hannu, ya ce rabon da a nemi na mutum a wurinsa an daɗe.

A hanya shakka ta kama ni. An riga an yi mini kantu sau ɗaya, ba zan yarda a sake ba. Na laɓe a bayan wata rumfa, na ɗaga hijabi, na yi bisimilla don tsoron datti, na lasa. Gishiri ne, mai ɗaci-ɗaci, ya kankare mini harshe. Na ƙara lasa don in tabbata.

Na tarar da Inna a ƙofar gida hankalinta a tashe, tana shirin tara mutane nemana. Na miƙa mata gishirin. Ta juya shi a hannu, ta dube ni, ta wuce ciki. Wannan karon ba ta yi dogon jawabi ba, ta ɗora shi a gaban Kaka kawai.

Bai yi dariya ba. Ya ɗauka ya riƙe da hannu biyu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Yaya, kin manta ƙa'ida ko kin yi awa kin manta? Ba mai bayarwa ka hwaɗin hanya ba. Wanda yah hwara lasa shi am madugu, shi ka hwaɗin inda aka zuwa, saura su lasa su bi. In na lasa yanzu, gona zan ce. Kin shirya bi na?"

Inna ta dafe sandarta. Kaka ya ɗaga gishirin zai kai baki, ya juya shi wajen hasken ƙofa yana neman gefe mai kyau, sai ya tsaya. Akwai wuri guda da ya yi santsi yana ƙyalli, bai gama bushewa ba.

"Wa yar riga mu?"

Na so ƙasa ta buɗe. Na ce, "Ni ce, Kaka. Na ji tsoron kada ya sake zama riɗi."

"Kin yi bisimilla?"

"Na yi."

Ya sauke hannunsa a kan gwiwa. Ya dubi Inna, Inna ta ɗaga kai tana duban rufin ɗaki kamar ba ta wurin. Ya dawo da ido kaina, babu wasa a fuskarsa, ya ce ba wanda zai tilasta masa lasa, gonar nan a cikinta aka binne cibiyarsa, kuma matarsa tana kwance a maƙabartar ƙauyen. Amma tunda an samu madugu, ƙa'ida ce a saurare shi. "To, hwaɗi. Ina munka nuhwa?"

Ku da kuke bi ta ƙofar gidanmu kun ga tsohon da ke zama a zaure kan buzu. Har yau cewa yake rakiya ya yo, bai tare ba. Ranar da ruwan farko ya sauka yini ya yi yana kallon titi, ko furar da na kai masa bai taɓa ba, ni kuma sai na zauna kusa da shi. Jamila ta tambaye ni wace irin hikima na yi masa a Goronyo. Babu hikima. Gishiri ne a harshena, hawaye ya taru mini, ina kallon yatsun ƙafarsa, kuma sai da ya ce in ɗaga murya sannan ya ji abin da na ce:

"Kaka, ni ban san hanyar ko'ina ba sai ta gida. Don Allah ka lasa ka kai mu."